Daga Zangon Fatake Zuwa Abbare: Ina Hutun Bahaushe Ya Tafi?



Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a bakinmu, wato "wallahi babu lokaci". Tambayi mai shago yaushe rabonsa da ya kwanta da rana, ko tela yaushe rabonsa da ya zauna hira da 'ya'yansa bayan isha'i, ko direba yaushe rabonsa da a auna jininsa, amsar ke nan da za ka ji. Har ta kai wasunmu na faɗin ta da alfahari, kamar rashin hutu wata shaida ce ta cewa mutum ɗan halak ne, ba cima-zaune ba. Idan ka matsa da tambaya sai a ce maka ai haka iyayenmu da kakanninmu suka yi, da wahala suka tara abin da suka tara. To, a nan ne nake da ja. Gwargwadon abin da na karanta da abin da na ji daga bakin tsofaffi, kakanninmu sun sha wahalar da ta fi tamu nesa ba kusa ba, amma sun fi mu hutawa. Dalili kuwa shi ne, a zamaninsu ba mutum ne ke neman wa kansa lokacin hutu ba, al'umma ce ke yanka masa shi, ko yana so ko ba ya so. Da muka baro gida mun taho da sana'a da jari da harshe da addini, wannan tsarin ne muka baro a can.

Bari mu soma da kalmar da aka fi sanin baƙin Hausawa da ita a Afirka ta Yamma, wato zango. A Kumasi da Akara da Lome, unguwar da Hausawa suka kafa sunanta Zango har gobe. Asalin kalmar kuwa daga fatauci ne. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato bayan an gama girbi, su nufi Gwanja sayen goro a kasuwar Salaga, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa, cikin daji mai 'yan fashi da namun dawa. Madugu ne shugaban ayari, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da baya. Amma mai karatu kada ya zaci tafiya ake yi ba ji ba gani daga safe har dare. Da asuba ake ɗaura kaya, kafin rana ta yi tsanani an isa inda za a sauka. Jaki ba ya jure abin da ya wuce haka, dole a sauke masa kaya ya yi kiwo ya sha ruwa. Daga nan sauran yinin na ayari ne: a kafa bukkoki, mata su ɗora girki, a yi wanka da wanki, wanzami ya yi aski, malamin ayari ya buɗe littafi, da dare a kewaye wuta ana labari. A manyan garuruwa akan yi kwanaki ana jiran a daidaita da sarki kan kuɗin fito. Falke mai gaggawa ba shi da ikon ya ce shi zai wuce gaba shi kaɗai, don in ya bar ayari ya zama abincin 'yan fashi. Wato tsoro ne ma ya tilasta masa hutawa tare da jama'a. Farfesa Paul Lovejoy ya yi cikakken littafi kan wannan fatauci na goro, wanda ya fito a 1980, ga mai son ƙarin bayani.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, zango na nufin wurin sauke kaya. Daga baya da wasu fatake suka ƙi komawa gida, suka yi aure suka gina soraye, sai sunan ya bi unguwanninsu. Yau ka shiga kowane zango ko sabo ko unguwar Hausawa, daga Ibadan har Yawunde, za ka tarar nan ne wurin da ba a barci. Su ne farkon buɗe shago, su ne ƙarshen rufewa.

Mu nan ƙasar Muri hanyarmu daban ce da ta Gwanja, amma labarin ɗaya ne. Hamman Ruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, shi ya kafa masarautar Muri a zamanin jihadi, kuma tun daga lokacin fataken Hausa ke biyo hanyar Bauchi da Gombe su gangaro Binuwai neman hauren giwa, da kuma bayi, don gaskiya ba ta da daɗin faɗa amma tana cikin tarihin. Lokacin da Baikie ya hau kogin da jirginsa a 1854 har ya ziyarci Hamaruwa, da Hausa aka yi masa tafinta a wurare da dama. Jalingo kanta ba tsohon gari ba ne. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a matsayin sansani a 1893, bayan yaƙin Kona wanda wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya taimaka masa da manyan bindigogi. Inda sarki ya sauka kuwa nan mahauta da maɗinka da makaɗa da dillalai ke sauka, kuma yawancin masu waɗannan sana'o'i Hausawa ne. Ko sunan gari irin Mutum Biyu ya isa ya nuna maka wane ne ya riƙa bin hanyar. A zamanin Turawa kantunan kamfani suka zauna a bakin kogi, a Ibi da Lau, ana sayen gyaɗa da auduga. To amma jirgin ruwa ba ya iya hawa Binuwai sai ruwa ya cika da damina. In ruwa ya janye, hada-hada ta ragu, kowa ya san haka, kowa ya shirya wa haka. Kogin ne ke buɗe kasuwa, shi ke rufe ta.

Yanzu mu koma gida mu ga yadda shekarar manomi take, don mafi yawan iyayenmu da suka zo nan 'ya'yan manoma ne. Daga saukar ruwan fari zuwa girbi babu wasa, wannan gaskiya ne. Amma ko a cikin daminar akwai ƙa'ida. Aikin gandu, wato gonar gida da kowa ke yi wa maigida, daga safe ne zuwa azahar. Yamma ta mutum ce, in ya so ya tafi gayaunarsa, in ya so ya yi saƙa ko tufka igiya a gindin bishiya. Ranar Juma'a da ranar kasuwa ba a zuwa gandu a wurare da yawa. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 zuwa 1950, aka buga a 1954, ta ba da labarin cewa hatta bayin rinjin gidansu da azahar suke tashi daga gonar ubangijinsu, sauran yinin su yi nasu. Ba ina yabon bauta ba ne, Allah Ya raba mu da ita. Ina dai so mai shagon da ke tsare yaronsa daga bakwai na safe zuwa goma na dare, kwana bakwai a mako, ya tsaya ya yi tunani a kan wannan.

In aka kai amfanin gona gida kuwa, sai ƙasar Hausa ta zama wata duniya. Kaka ita ce lokacin aure da kalankuwa. Samari da 'yan mata su yi ado su fita dandali, ga kalangu ga gaɗa, musamman in akwai farin wata. Mahauta su ɗaura zare a hannu su bi gari-gari suna dambe, manoma su yi kokawa, mafarauta su yi gangami su shiga daji da karnuka, masunta su yi su a tafkunan da suka soma ƙafewa. Yara na langa da carafke da 'yar ɓuya. Wasu daga cikin waɗannan har sun girma sun zama bukukuwan ƙasa. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo siffarsa ta yau ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, mu ma nan Taraba akwai na Nwonyo a Ibi. A Nijar gwamnati ce ta ɗauki kokawa ta mayar da ita gasar ƙasa tun 1975, inda aka fara a Tawa, wanda ya yi nasara a ba shi takobi. Duk wanda ya taɓa jin yadda Ɗan Anace ke wasa Shago ya san dambe ba ƙaramin abu ba ne a zuciyar mutanenmu. Abin lura a nan, babu wanda ya zauna ya ce bari in samo wa kaina abin sha'awa don in rage gajiya. Lokacinsa ne ke zuwa, a buga ganga, kowa ya fito. Wanda ya ƙi fitowa ma shi ake tuhuma, a ce ko lafiya.

Na san wani zai ce ai malamai sun yi faɗa da yawancin waɗannan wasanni. Haka ne, Shehu Usmanu da almajiransa sun soki cuɗanyar maza da mata a dandali da kiɗan banza da caca, kuma suna da hujja. Amma su ɗin ma ba su bar mutane babu hutu ba. Makarantar allo tana tashi tun yammacin Laraba, ba a komawa sai yammacin Juma'a ko Asabar, al'adar da malamanmu ke dangantawa da Sayyidina Umar. Ƙailula sunna ce. Kuma kowane ɗalibi ya san ƙissar Salmanul Farisi da Abu Darda'i, lokacin da Salmanu ya tarar ɗan'uwansa ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa, ya tunatar da shi cewa jikinsa da iyalinsa su ma suna da hakki a kansa, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata shi. In har ibada ba ta zama uzurin tauye hakkin jiki ba, ina ga sayar da atamfa? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da yaƙe-yaƙe da mulkin daula, ya samu sukunin rubuta littattafai kan magani da kiwon lafiya.

Sai dare. A ganina babu abin da muka yi asara irin dare. Kafin lantarki, in aka yi isha'i aiki ya ƙare, don babu hasken yin sa sai 'yar fitilar aci-balbal da mata ke kaɗi a gabanta. A nan ne ake tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami, da kacici-kacici da karin magana. Maza na zaure ko dakali suna hira. Yawan abin da wannan zaman dare ya haifar yana da ban mamaki. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi da labarai daga hannun malamai ya buga su cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na Rattray, shi ma na 1913, don kuwa ba a ƙasar Hausa aka rubuta shi ba. Wani Malam Shaihu ne ya rubuta shi da ajami a ƙasar da ake kira Gana yanzu, wato baƙo ne kamarmu, a zango. Haka Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zauna Salaga sannan Kete-Karachi har rasuwarsa a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce kan rayuwar Hausawa da har yau masana ke amfani da su. Mutanen nan a baƙunta suke, cikin 'yan kasuwa, amma sun samu lokacin zama su rubuta. Mu da muke da wayar da ke ɗaukar murya, mutum nawa ne a Abbare ya taɓa zaunar da kakarsa ya naɗi tatsuniya ɗaya?

Bangaren mata ya cancanci a tsaya a kansa, don su ne suka fi cutuwa da wannan sauyi kuma su ne ba a cika tambaya ba. Macen Bahaushe ta da ba ta da ranar Juma'a, daka da niƙa da girki kullum ne, ga sana'ar cikin gida, ƙuli-ƙuli ko fura ko kaɗi. Amma al'ada ta tanadar mata nata hutun. A gidan da ke da kishiyoyi ko matan 'yan'uwa, girki kwana bibbiyu ne, wadda ta fita girki ta samu sararin kitso da lalle da zuwa unguwa. Biki da suna da ƙawance, waɗanda Baba ta Karo ta yi ta ba da labarinsu, su ne fitarta da nishaɗinta. Babban cikinsu shi ne jego. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta, ta yi kwana arba'in ko fiye ba ta ɗaga ko tsinke, ana yi mata wanka ana gasa mata nama ana dama mata kunu. Ba duk abin da ke cikin al'adar ne alheri ba: likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Wannan sai a bar shi. Amma hutun kansa fa? Yau yarinyar da aka auro daga Daura ko Gumel aka kawo ta Jalingo, ɗaki ɗaya a gidan haya, uwa na can tafiyar yini guda a mota, kuɗin motar ma ya zama abin da ya zama tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ranar suna da kwana biyu za ka gan ta a bakin rijiya. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma mu maza mukan ce ma sha Allah, ai tana da ƙarfi.

To yaya aka yi muka zo nan? Ba dare ɗaya ba ne. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, haraji ya koma na tsabar kuɗi, sai rani ya tashi daga lokacin hutu ya zama lokacin neman kuɗin haraji. Daga nan ci-rani ya yawaita. Amma ku dubi kalmar da kyau. Ɗan ci-rani rani kawai yake ci. Yana barin gida bayan girbi don ya rage wa rumbu baki ya kuma samo 'yan kuɗi, da ya ga hadari ya soma haɗuwa sai ya naɗe tabarmarsa. Wahalarsa tana da ranar ƙarewa. Da yawa daga cikin iyayenmu haka suka fara zuwa nan, suna ga-ruwa ko dako ko yankan farce ko ɗinkin takalmi. Shekara ta farko a koma, ta biyu a koma, ta uku a ce bari dai in tura kuɗi a yi mini noman. Shi ke nan, raninsa ya daina ƙarewa. Yana aiki irin na mai shirin komawa gida gobe, alhali ya shekara talatin, 'ya'yansa ma Fulatanci da Hausar Jalingo suke ji.

Motoci suka kashe ayari, direban da ya taso daga Kano da yamma so yake gari ya waye masa a Numan. Kasuwar ƙauye da ke ci sau ɗaya a mako ta koma shagon da ke ci kullum. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin gwamnatin Babangida na 1986 ya sa sana'a ɗaya ta daina riƙe gida. Ranar 27 ga Agustan 1991 aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, Jalingo ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, gine-gine suka tashi, ciniki ya buɗe. Alheri ne babba, da yawanmu a lokacin muka samu abin da muka samu. Sai dai ma'aikacin gwamnati yana da Asabar da Lahadi da hutun shekara, a ranakun hutunsa kuma yake zuwa kasuwa, don haka hutunsa shi ne ranar aikinmu mafi tsanani. Janareto ya kashe dare. Wayar salula da ta shigo a 2001 ta ƙarasa abin da ya rage, yanzu ko kana kan tabarmar cin tuwo mai kaya na iya kiranka daga Onica.

Akwai kuma wani abu da ba mu cika faɗa a fili ba. Baƙo ba ya da gonar gado a nan, ba ya da tabbacin za a ɗauki ɗansa aiki, kuma duk wanda ya zauna a wannan yanki ya ga yadda rikici kan tashi a wayi gari dukiyar shekara ashirin ta zama toka. Saboda haka zuciyarsa kullum na ce masa tara, tara, ba ka san gobe ba. Ga 'yan'uwa a gida da suka ɗauka duk wanda ke waje a kan kuɗi yake kwana. Ban raina wannan tsoron ba, ni ma ina da shi. Amma ina ganin yadda yake cin mutane. Mu duba jana'izar da muke zuwa a 'yan shekarun nan, nawa ne daga ciki na dattawa masu tamanin, nawa ne na magidanta 'yan hamsin da aka ce jiya ma ya buɗe shago, ya yanke jiki ya faɗi? Ajali na Allah ne, babu mai ja. Sai dai hawan jini da ciwon suga ba sa sallama, awon jini kuma bai kai minti biyar ba, a kemis ma ana yi.

Wani misali daga wasu baƙin Hausawa ya taimaka mini wajen fahimtar abin. Abner Cohen ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Unguwa ce ta dillalan shanu da goro, mutanen da ba su da lokacin kansu. Ya bayyana yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta bazu a cikinsu a farkon shekarun 1950, har zaman wazifa na kowace yamma ya zama abin da ke tara mazan unguwa wuri ɗaya. Shi abin da ya dame shi siyasa ce da riƙon kasuwa. Ni abin da na gani a ciki shi ne, mutanen sun sake gina wa kansu wani lokaci da kasuwa ba ta isa ta taɓa ba, kuma sun iya yin haka ne don tare suka yi. Ba ɗariƙa nake tallatawa ba, kowa da fahimtarsa. Ta'alimin bayan magariba ma yana yin wannan aikin ga masu zuwa.

Ba zan ce ba mu da nishaɗi sam ba. Iyayenmu sun riƙe rediyo kamar ɗan cikinsu, tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna kuma a 1962, ɗan tireda na auna gishiri yana jin Shata. Aka zo zamanin kaset, da littattafan soyayya da matanmu suka riƙa karɓar haya, da finafinan Kano daga 1990. Yau ga gidan kallon ƙwallo ga TikTok. To amma ka lura da irin nishaɗin: duk wanda za a iya yi ne ba tare da an rufe shago ba. Ido da kunne ne ke shaƙatawa, jiki na nan kan benci tun safe. Yaron da kakansa ya yi kokawa a gaban gari, shi ya san sunan kowane ɗan wasan Arsenal amma bai taɓa gudun da ya yi zufa ba. Majalisa da teburin mai shayi su ne suka rage mana daga tsohon zaure, ina kuma ganin darajarsu ƙwarai, ko da yake siyasa da gulma sun cinye rabin hirar.

Shawarar da ake bayarwa a rediyo da intanet ita ce mutum ya tsara lokacinsa, ya ware awa ɗaya don kansa. Ga ma'aikacin ofis wannan mai yiwuwa ne. Ga mai shago a layin da ke da shago goma masu kaya iri ɗaya, rufewa shi kaɗai na nufin ya miƙa wa maƙwabcinsa masu sayensa. Matsalar falken nan ce da ba ya iya barin ayari, sai dai ta juye: da ayari ne ke tsayawa dole ka tsaya, yanzu ayarin ne ba ya tsayawa dole ka bi. Ƙabilun da muke kasuwa tare da su sun fi mu dabara a nan. Ɗan kasuwar Ibo ba ya buɗewa safiyar Lahadi, a watan Disamba kuma ya kulle ya tafi gida, bai kuma talauce ba, don duk 'yan layinsa haka suka yi. Mumuye maƙwabtanmu in lokacin bikinsu ya zo bayan an haƙe doya, babu mai tsayar da su. Mu kuwa ranar Sallah ma akwai mai buɗewa bayan saukowa daga idi. Muna da ƙungiyoyin teloli da na mahauta da na direbobi da na masu kayan masarufi, muna da sarakunan Hausawa da limamai. Suna iya haɗa kuɗin jinya da na jana'iza cikin awa ɗaya, na shaida wannan kuma abin yabo ne. Ban ga abin da zai hana su daidaita kan cewa daga sallar Juma'a zuwa la'asar, ko zuwa magariba, layi kaza a rufe yake ba, ko a riƙa yin karɓa-karɓa, shago biyu su tsaya wa sauran. Haka nan matan unguwa da ke adashi, ana iya yin adashin aiki ga mai jego wadda uwarta ke nesa, yau wannan ta yi mata girki gobe waccan ta yi wanki, har ta yi arba'in.

Mu 'yan layinmu abin da muka iya farawa ƙarami ne. Akwai wani dattijo Bakatsine, tsohon mai sayar da goro, da ya haƙa mana gurabun dara a gindin mangwaro bayan masallaci, layi biyar gurbi shida-shida, talatin ke nan. Kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya riƙe tsinke ɗaya ya riƙe tsakuwa, a jera su ɗaya bayan ɗaya, sannan a soma gusawa, duk wanda ya haɗa uku a jere ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Ranar Juma'a bayan la'asar ake zama, sharaɗin kuma shi ne babu kuɗi a ciki kuma waya na aljihu. Farkon abin mu huɗu ne, yanzu har da wani Bamumuye mai gyaran babur da ya fi mu iyawa. Yaran da aka haifa a nan babu ko ɗaya da ya san wasan, sun zaci wani irin duba ne tsohon ke yi a ƙasa. Har yanzu ana gardama tsakanin Katsinawa da Sakkwatawan cikinmu kan hukuncin wanda ya jera huɗu, tsohon ya ce a garinsu ba ci ba ne, su kuma sun ce sai an kira wani dattijo a Gwadabawa an tambaya.